Ɓerayen Auta da Idon Gidanmu

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya tsare ka a kan hanya safe da yamma, Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya kai da duk wanda ya shiga motarka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Mu nan duk muna lafiya, sai godiya. Gwiwar Mama ta ɗan matsa mata a watan da ya wuce, likita ya ce ta riƙa dogara sanda, ita kuma ta ce ba ta kai nan ba tukuna. Yanzu lema take riƙewa ko ba hadari, wai don rana, amma kowa ya ga yadda take dogara ta. Tagwayena sun shiga makaranta, kullum sai sun dawo da takalmi ɗaya ko ba murfin kwano. Shagon yadi yana tafiya, an gyara mini rufin da ke yoyo a kan kantar baya. Maigidana yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran hoton sabuwar bas ɗin da aka ba ka. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa da hannu, alhali kullum muna magana ta waya. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, dalilin yana gaba.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Ka san halina, in abu ya tsaya mini a rai ba na iya haɗiye shi. Tun farkon shekara na ga yarinyar nan ta sauya. Da, in ta tashi daga aiki sai ta biyo ta wajen Mama, ta ci abin da ta samu, ta zura mata zare a allura, ta watsar da takalmanta a tsakar ɗaki ta tafi. Sai ta daina zuwa da yamma, sai dai da rana tsaka ranar hutu. Mama ta miƙa mata allura, ta ce yatsanta ke ciwo, ta miƙo mini. Motarta kuma ta ajiye, wai birki ne ya lalace, birkin da har yau ba makanikin da ya gan shi. Wani abokin aikinta ne ke kai ta ya dawo da ita, mu dai Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar Mama. Na ce a raina to, an zo wurin, Auta ta yi saurayi tana ɓoye mana. Na tambaye ta, ta yi dariya ta ce Dogo yana da mata da 'ya'ya. Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba, sai ma ta ƙara tayar da shi.

Ana nan wata Asabar na dawo daga shago na tarar da ita a ɗakina, ta saki labule, ta zaunar da tagwaye a bakin gado tana haska musu ido da 'yar ƙaramar tocila, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gan ni sai ta yi wuf ta cusa tocilar a jaka, ta ce wasa suke yi. Bayan 'yan kwanaki Mama ta gaya mini Auta ta tsare ta da tambayoyi a kan Baba: yana da shekara nawa idonsa ya fara, mahaifiyarsa fa, 'yan'uwansa fa, wa ya makance, wa ya tsira. Yaya, nan raina ya ɓaci. Ka san aikinta binciken ɓeraye ne, wanda kai ke tsokanarta da cewa ta yi karatu mai zurfi ta ƙare a kiwon abin da mutane ke kashewa da tsintsiya. Na ce wato ɓerayen ba su ishe ta ba, sai ta haɗa da 'ya'yana. Na yi niyyar in tare ta a gida, sai na tuna Auta in ka tare ta da magana za ta zagaya da kai har ka manta abin da ka tambaya. Sai na rufe shago da hantsi na tafi wurin aikinta ba tare da na sanar da ita ba.

Ba su barin baƙo ya shiga haka nan. Sai da ta nemi izinin shugabarsu, wata farfesa mai furfura da ba ta yawan magana, sannan aka sa mini farar riga, da hular leda, da safar hannu, har takalmina sai da aka sa wa riga. Ɗakin ɓerayen ba taga, sai ƙarar fanka da wani wari kamar na jiƙaƙƙen garin katako. Kantoci ne daga ƙasa har sama, kowacce jere da ƙananan akwatunan roba masu haske, cikin kowanne ɓeraye baƙaƙe, da garin katako, da kwalbar ruwa, da ɗan gidan kwali da suke shiga su kwanta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba don ganin ɓeraye na zo ba, na zo ne in ji me take nema a idon 'ya'yana. Ta ce in bari ta nuna mini aikin tukuna, in na gani zan gane. Na lura ba ta amsa tambayata ba, amma na bi ta.

Ga yadda ta yi mini bayani, gwargwadon abin da kaina ya ɗauka. Ta ce jikin mutum da na dabba cike yake da wasu sinadarai iri-iri da ake kira furotin, kuma kowane furotin in an ƙera shi dogon zare ne, ba ya aiki sai an ninke shi yadda ya dace. In ninkin ya karkace, sai ya manne da ɗan'uwansa su cukurkuɗe su zama curi. Don haka jiki yana da wasu furotin na musamman da masu bincike ke kira 'yan rakiya, aikinsu shi ne su tsaya kusa da sauran su riƙe su kada su cukurkuɗe. Na ce wato kamar in zan ninke dogon yadi a shago, sai wata ta kama mini ɗaya gefen, in ba haka ba ya zube ya tattare. Ta ce haka ne, sai dai in ƙara da cewa a cikin ido ba a kawo sabon yadi. Akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi a cikin ido wanda haske ke ratsawa, kuma furotin ɗin da ke tsakiyarsa, wanda aka haifi mutum da shi, shi zai tsufa da shi. In ba mai riƙe shi, zai dunƙule ya yi fari kamar yadda ruwan ƙwai ke yin fari a wuta. Wannan farin shi ne yanar ido.

Su kuma abin da suka yi shi ne, sun samu ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon da ke ƙera ɗaya daga cikin 'yan rakiyar nan, suna kwatanta su da 'yan'uwansu masu ita, don su ga ainihin aikin da take yi. Ta ɗago wani ɓera ta wutsiya ta ɗora a bayan hannunta, ta ce in duba. Idonsa fari fat kamar an ɗiga madara a ciki. Ta mayar da shi akwati, sai ga shi yana ta zirga-zirga, ya je kwalba ya sha ruwa, ya zagaya ya shige gidan kwalinsa, ko tuntuɓe bai yi ba. Na ce ai wannan yana gani sarai, kada ta raina mini hankali. Ta ce a'a, akwatin ya haddace. Da gashin bakinsa da hancinsa ya san inda komai yake, in ka tsaya kallonsa kawai ba za ka taɓa sani ba, sai ka matsar masa da wani abu. Ta sa hannu ta ɗauke gidan kwalin ta mayar da shi ɗaya kusurwar. Ɓeran nan ya sheƙo da gudu zuwa inda gidan yake da, ya ja birki, ya tsaya yana ɗaga hanci sama, gashin bakinsa na rawa. Bai daɗe ba ya gano sabon wurin, amma wannan 'yar tsayuwar da ya yi ta tsaya mini a rai.

Tana magana ni kuma ina kallonta, ba ɓerayen ba. Kowane ɓera an yi masa 'yar alama a kunne don a bambanta su, na ga ita da yatsa take lalubar alamar, ba ta dubawa. Da muka fito ɗakin da madubin duba ƙananan abubuwa yake, Dogo ne ya sa ido a kai yana faɗa mata abin da ya gani, ita tana gefe tana gyaɗa kai. Na tambaya me ya sa ba ta duba da kanta, aikin wa ne. Ta ce ƙa'idarsu ce, wanda ya san wane ɓera ne aka cire wa ƙwayar gadon ba shi ke dubawa ba, don kada zuciyarsa ta nuna masa abin da yake so ya gani. Farfesar tana wucewa ta ce gaskiya ne, haka ake yi. To, ƙa'ida dai ƙa'ida ce, ban musa ba. Amma na ga Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba, kuma mutumin da ba ya ɓoye komai ba ya irin wannan sunkuyo.

A hanyar komawa shago Baba kawai nake tunawa. Ka tuna lokacin da ya rufe keken ɗinkinsa ya ce bayansa ne ke ciwo, muka yarda. Ka tuna yadda yake faɗa in an matsar da kujerarsa ko butarsa, muna cewa tsufa ne ya sa shi rigima, alhali bai ma tsufa ba. Ya yi shekaru yana zuwa shagon abokinsa a ƙafa, hanya ɗaya, har ranar da masu gyaran famfo suka haƙa rami a gefen titi. Kai ka ɗauko shi daga ramin nan da karyayyen ƙugu, kuma kana tsaye a asibiti da likita ya haska idonsa ya tambaye mu tun yaushe ba ya gani, muka tsaya kallon juna kamar baƙi. Likitan ya ce da an kawo shi tun farko aiki ne mai sauƙi. Bai sake taka ƙafarsa ba har ya koma ga Allah. Ban manta ba, a bakin ɗakin asibitin nan ka ce mana daga yau ba wanda zai sake ɓoye wa wani ciwo a gidanmu.

Ranar Lahadi na je wurin Auta da safe. Tun daga ƙofa na san akwai magana, don ɗakin tsaf yake. Auta fa, wadda Mama ta yi ta fama da ita a kan zubar da kaya tun tana rarrafe. Takalma a jere, makulli a ƙusa, cokula kowanne a gurbinsa. Ta ce bari ta haɗa mana shayi. Ta ajiye kofunan gilashi biyu a kan farin teburinta da ke jikin taga, rana na dukan teburin, ta juya ta ɗauko butar shayi daga wuta. Kafin ta juyo na sa hannu na matsar da kofi ɗaya gefe, bai fi tafin hannu ba. Ta zo tana ba ni labarin farfesarsu, ta karkata buta, ta tsiyaya tafasasshen ruwa a kan teburi, daidai inda kofin yake da. Ruwan ya gangaro ya zuba a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta tsaya cik da buta a hannu. Yaya, irin tsayuwar ɓeran nan ce, ba bambanci, kuma ban taɓa jin tausayi da haushi sun haɗu mini lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Ta ajiye butar ta ce wato yau ita ce a cikin akwati. Na ce ita ta koya mini. Daga nan ta zauna ta faɗi komai. Idon hagu ya daɗe da yin hazo, na dama ya fara, in haske ya buge ta komai sai ya wanke ya zama fari. Ta riga kowa sani, tunda abin da take dubawa a idon ɓeraye kullum ke nan. Ba birki ne ya lalace ba, fitilun motoci ne ke makantar da ita in gari ya fara duhu. Dogo ya gano da kansa, ta roƙe shi ya rufa mata asiri, shi ya sa yake ɗaukar ta. Tagwaye kuwa tsoro ne ya sa take haska su, kada abin ya biyo jini. Na tambaye ta, ke da kika san maganin abin, me kike jira. Ta ce ɓerayenta sun kai shekarun da ake jira a ga sakamako, in ta tafi jinya za a miƙa wa wani aikin da ta yi shekaru tana reno, tana so ta gama tukuna. Na ce haka Baba ma yake so ya gama wani abu tukuna. Ta yi kuka, ni ma na yi, sannan na sa ta goge teburin da kanta don kada ta ɗauka na huce.

Na tambaye ta ko ƙwayar gadon da aka cire wa ɓerayen nan ita ce ta lalace a gidanmu. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta auna ba, don hanyoyin da yanar ido ke zuwa da wuri suna da yawa, ɓera kuma ba mutum ba ne. Abin da ta sani shi ne Baba ya yi, mahaifiyarsa ta yi, ƙanensa ya yi, ga ta ita ma, duk tun kafin furfura ta kama kai sosai. Washegari na kai ta asibitin ido da kaina, na zauna a bakin ƙofa don kada ta sulale. An yi wa idon hagu aiki, na dama sai nan gaba kaɗan. Farfesar ba ta ƙwace mata aiki ba, faɗa dai Auta ta sha, ita da Dogo, har ya fi ta shan sa. Ranar da aka cire mata bandeji, abin da ta fara cewa shi ne wai ashe ni yayarta na tsufa haka, kuma mayafina da take yabawa ashe ya koɗe. An duba ni, an duba tagwaye, mu dai ba a ga komai ba tukuna, an ce mu riƙa komawa.

To Yaya, saura kai. Tun da na dawo daga ɗakin ɓerayen nan nake tattara abubuwanka a raina, kuma ba su yi mini daɗi ba. Da kai ne mai dogon rubutu a waya har sai na gaji da karantawa, yanzu saƙon murya kawai kake turowa, wai ka fi son mu ji muryarka. Na turo maka hoton tagwaye da kayan makaranta, ka yaba sabuwar rigata, alhali maƙwabciyata ce a tsaye a bayansu. Ka ce ka roƙi a mayar da kai tuƙin safe saboda na yamma yana hana ka zama da yara, kai da ka yi shekaru kana cewa tuƙin yamma ya fi kwanciyar hankali. Kuma hanya ɗaya kake bi da bas ɗin nan kullum, tasha bayan tasha, ka san kowane kwana da kowane rami. Na san za ka ce ka haddace ta. Wannan haddar ce take hana ni barci, domin kai ba kai kaɗai ba ne a cikin akwatin, akwai mutane cike a bayanka, kuma wata rana wani zai haƙa rami, ko yaro ya tsallako titi a inda ba a saba ba.

Mai yiwuwa ne zargina ya yi yawa. Na zargi Dogo da abin da bai yi ba, na zargi Auta da mayar da 'ya'yana ɓeraye, duk ban ci ba. Amma ban yi kuskure ba da na ce akwai abin da ake ɓoye mini. Na san abin da kake tsoro, kada a ji a karɓe makullin bas, ga iyali. Auta ta ce in gaya maka aikin ba ya daɗewa, kuma direbobi da yawa sun yi sun koma bakin aikinsu suna gani fiye da da. Hutun 'yan makonni ya fi abin da ni da kai muka gani a bakin ramin nan. Ba zan iya zuwa in matsar maka da kofi ba, hanya ta yi nisa. Shi ya sa ban kira ba, ban turo murya ba, na zauna na rubuta da hannuna, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda ka saba yi mini tsiya a kansu. In da idonka ka karanto har nan, alhamdulillahi, ka kira ni ka zage ni son ranka, zan saurara da farin ciki.

Mama tana gaishe ka, ba ta san da wannan maganar ba tukuna, kuma na fi so ta ji ta daga bakinka. Auta tana gaishe ka da ido ɗaya sabo, ta ce ka daina raina mata ɓeraye. Maigidana da tagwaye suna gaisuwa. Ka gaishe mini da mai sunan Baba da 'yar lelenka sarkin surutu, kuma a kai su a duba musu ido su ma. Gaisuwa ta musamman ga matarka, Antinmu, Allah Ya saka mata da alheri. Anti, in muryarki ce yake ji yanzu, na san ya ce miki gilashinsa ne ya ɓata ko kansa ke ciwo. Kada ki tsallake ko layi ɗaya. In kin gama, ki ɗauke makullin bas ɗin nan daga inda ya saba ajiye shi, kada ki ba shi sai likita ya haska idonsa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, muna ganin juna sarai.

Ƙanwarka mai yawan zargi,
Uwar tagwaye